Lionel Loueke: Ɗan Kwatano Da Ya Fara Kiɗa Da Wayar Birkin Keke

Duk ɗan kasuwar da ya saba sauka a Zangon Kwatano, ko ta Seme ya shigo ko ta Malanbil, ya san rumfunan masu gyaran keke da babur da ke bakin titi. Mu dai ba mu taɓa zaton wayar birkin da suke sayarwa tana da wani amfani ban da tsayar da keke ba, sai da muka bi tarihin Lionel Loueke, makaɗin jita da aka haifa a wannan birni a 1973, wanda sunansa ya kai Turai da Amurka, amma da wuya ka ji an ambace shi a majalisar Zango.

Shi ba Bahaushe ba ne, da harshen Fon yakan yi waƙa. Da ganga ya fara tun yana yaro, sai da ya shekara 17 sannan ya ɗauki jita, bayan ya ga yayansa yana kaɗawa. Shekara guda cur ya yi yana tara kuɗin da ya sayi tasa ta farko, kimanin dala 50. Saboda tsadar tsirkiya sai ya riƙa jiƙa tsofaffin a ruwan khal don su daɗe, idan kuma ɗaya ta tsinke ya ɗaura wayar birki a madadinta, duk da yadda take cin yatsu.

Daga nan sai karatu. A 1990 ya tafi makarantar fasaha ta Abijan, a 1994 ya wuce Paris, a 1999 kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston ta Amurka ta ɗauki nauyin karatunsa. A 2001 ya yi gwajin shiga cibiyar Thelonious Monk a gaban manyan makaɗan jaz, Herbie Hancock da Wayne Shorter da Terence Blanchard, ya kuwa ci. Mai karatu ya lissafa da kansa: fiye da shekara goma ke nan mutum yana makaranta a kan kiɗa kawai.

Abin mamaki shi ne, kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a New Orleans, ba a hardace shi daga farko zuwa ƙarshe. Makaɗa kan yarda ne a kan karin da za a hau, sauran kuwa nan take kowa ke ƙago nasa yana sauraron ɗan'uwansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda shi ma ya taɓa sayar da goro kafin ya kama waƙa, ya shahara da cewa ba ya zaman bita, kalangu na tashi baiti na zuwa. To amma wanda ya ɗauka haka kawai abin ke faɗowa daga sama, bai san shekarun da aka yi ana sauraro ba. Kamar ciniki ne: tsohon dillali ba ya shirya abin da zai faɗa wa mai saye, fuskarsa yake karantawa, amma ba a rana ɗaya ya koyi karatun fuskar ba.

Irin wannan kiɗa yana son natsuwa, domin wanda zuciyarsa ta rabu biyu ba zai ji abin da na kusa da shi ke kaɗawa ba. Hancock, wanda ya zama maigidan Loueke, tun 1972 ya riƙi al'adar keɓewa kullum yana tattara hankalinsa bisa koyarwar addinin Buda da yake bi, ya kuma sha danganta ƙirƙirarsa da wannan zama. Loueke na cikin waɗanda suka kaɗa masa a faifansa na 2007 da ya ci babbar lambar Grammy a 2008, shekarar da shi ma ya fitar da nasa faifan mai suna Karibu. Bai yar da kayan gida ba: yakan cusa takarda a tsakanin tsirkiyoyi don jitar ta yi amo irin na kayan kiɗan Afirka, yana haɗawa da ƙaran harshe. Daga baya ya zama malamin jita a makarantar jaz ta Basel a Suwizalan.

Nan ne fa abin ya dame mu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin dakta na girmamawa a 1988, amma har gobe da yawanmu idan ɗa ya ce zai koyi kiɗa sai mu ce ya ɗauko roƙo. Makarantar kalangu ita ce bin maigida biki-biki, yaro yana riƙe kaya yana kasa kunne, kuma ita ce ke watsewa. A wani ɗaurin aure da muka halarta a Zango kwanan baya, na'urar sauti ce ta cika fili da waƙoƙin fina-finai, makaɗan kalangu biyu kuwa, dukansu masu furfura, suna zaune a ƙofar gida ba yaro ko ɗaya a bayansu.