Kwamfutar da Ta Ƙi Karɓar Windows a Ƙasar Noman Rani

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro ga Windows 10, mutane da dama suka ɗauka cewa tsofaffin kwamfutoci sun tashi daga aiki, alhali abin da ya tsaya shi ne toshe sababbin kafofin da masu kutse ke bi, na'urar kuwa tana nan da ranta.

Windows babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta kafin kowace manhaja ta samu wurin zama. Idan ɗora Windows 11, magajiyar Windows 10, ya ƙi, galibi dalilin shi ne TPM 2.0, wani guntun tsaro mai ajiye makullan sirri, wanda kwamfutocin gwanjo ko dai ba su da shi, ko kuma yana kashe a cikin BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar, inda kunna shi kawai ke warware matsalar. Sauran dalilai, irin su filashin ɗorawa da ba a shirya daidai ba, da ma'ajiyar da ba ta kai gigabait 64 ba, kowane mai gyara ya san da su.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wuta. Ɗorawa aiki ne na share tsohon tsari a rubuta sabo, don haka idan aka ɗauke wuta ana tsaka da shi, ga batirin da ya daɗe da mutuwa, sai kwamfutar ta tashi ba tsoho ba sabo, tana kunna kanta tana kashewa, har sai an koma farko da janareto ko sola, bayanan da ba a kwafe ba kuwa ƙila sun salwanta.

Abin takaici ne ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare a Kura da Bunkure, garuruwan noman rani da ke bakin magudanan ruwan Tiga. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ita ke turo ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa bisa gangaren ƙasa, ba tare da injin turi ba, kuma da wannan ruwa ake noma shinkafa da tumatirin da ke cika kasuwannin Kano. Sai da aka shafe kusan shekara hamsin kafin a buɗe tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta, a 2023. Ya kamata hukumomi su fito su faɗi kason wutar da zai isa garuruwan da ke bakin magudanan, inda ɗalibi mai shirin jarrabawar JAMB ke sayen fetur kafin ya iya gyara kwamfutar gidansu.