Samarin Zakaru a Cikin Kaji

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya nufi kudu, ya ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru, ya karya ta Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, da wuya ya ga gidan da babu kaji. Ƙasa ce ta noma. Ruwan sama ya fi yawa a can bisa ga arewacin Kano, ga masara, ga dawa, ga shinkafa. Inda ake sussuka da surfe kuwa ba a rasa dusa da tsaki, saboda haka kiwon kaji bai zama abu mai wuya ba. Sau da yawa da kaza guda yaro yake fara dukiya, wadda kakarsa ko gwaggonsa ta ba shi.

To, kazar nan za ta yi ƙwai, ta kwanta a kansa kwana 21, ta ƙyanƙyashe. A ce ta fito da 'yan tsaki goma, shirwa ta ɗauki biyu, saura takwas. A cikin takwas ɗin nan, galibi kusan rabi maza ne. Sabon mai kiwo ba ya damuwa da wannan, gama duk 'yan tsaki kamarsu ɗaya, kuma suna bin uwarsu lafiya. Amma kafin wata biyar sai ya tarar gida ya rikice: samarin zakaru huɗu, ga tsohon zakaran gida na biyar, kowa na neman ya zama shi ne mai gari.

Tun suna da mako shida zuwa takwas ana iya rarrabe su. Zankon namiji yakan riga na mace girma, ya yi ja, leɓarsa ta fara saukowa, ƙafafunsa su yi kauri. In ya ƙara girma gashin wuyansa da na gadon bayansa sai su yi tsini suna sheƙi, na sagara kuwa bakinsu a zagaye yake. Wajen wata huɗu ko biyar sai a ji ya fara gwada cara. Carar farko abin dariya ce, murya a shaƙe kamar ta mai mura, amma ita ce alamar lokacin shawara ya yi.

Kafin mu faɗi shawarar, ya kamata ku san abin da ke sa kaji faɗa. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kamar yadda ake da hakimi da dagaci da mai unguwa. Ku watsa musu tsaba ku koma gefe ku zuba ido. Za ku ga akwai wadda take saran kowace kaza, ba mai rama mata. Akwai ta biyu, wadda take kauce wa ta farin amma tana saran sauran. Haka abin yake sauka har kan ta ƙarshe, wadda ba ta cin abinci sai kowa ya ƙoshi. Wani mutumin ƙasar Norwe, mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ne ya fara bayyana wannan tsari a rubuce, a shekarar 1922. Tun yana yaro yake zama yana kallon kajin gidansu yana rubuta abin da ya gani, abin da kowane ɗayanku zai iya yi da littafi da fensir.

Zakaru ma suna da nasu jerin dabam, kuma nasu ya fi tsanani. Masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun nuna a 2015 cewa idan zakaru suna wuri ɗaya, babbansu ne yake fara cara da asuba, sa'an nan na biye da shi, har zuwa ƙaramin. In aka ɗauke babban, sai na biyu ya karɓi fara carar. Ashe ko carar da muke ji kafin kiran salla da ladabi a cikinta.

Muddin kowa ya san matsayinsa, gida lafiya. Fitina tana tasowa ne sa'ad da samari suka balaga, suka ƙi yarda da matsayin da suke kai. Sai ka ga biyu sun tsaya gaba da gaba, sun sunkuyar da kai, gashin wuya ya miƙe, su yi tsalle su kai wa juna duka da ƙafa. Tsohon zakara yana da wani tsini a bayan ƙafarsa mai kama da ƙaya, yana iya tsaga fata da shi, har ya tsiyaye wa abokin faɗansa ido. In fili da faɗi, wanda aka ka da yakan gudu bayan rumbu ya ɓuya, shi ke nan faɗa ya ƙare. Amma in an kulle su a akurki ɗaya, ba wurin gudu, ana iya wayar gari a tarar da gawa. Kaji kuwa in sun ga jini a jikin ɗan'uwansu sai su taru a kansa da sara, don haka wanda ya ji rauni a ware shi nan da nan, a wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi.

Amma ba zakarun ne suka fi shan wahala ba, matan ne. Saurayin zakara ba shi da haƙuri. Tsoho mai hankali in ya tono abinci sai ya kira kaji da wata 'yar murya, ya bar musu su ci, in ya hangi shaho ya yi ƙara kowa ya ruga maɓoya. Saurayi kuwa sai bin kaji da gudu daga safe har yamma don barbara. In sun yi yawa, sai ka ga gashin bayan kaji da na ƙeyarsu ya tuje, sun rame, sun daina zuwa wurin abinci, ƙwai ya ragu. Mai kwanci ma ba su bar ta ta zauna lafiya ba. Sa'an nan ga barnar tsaba: zakara huɗu suna cin abin da kaji huɗu za su ci, ba kuwa wanda zai saka ƙwai ko ɗaya.

Ƙa'idar da masu kiwo suke bi ita ce zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Wanda kajinsa ba su wuce goma ba, zakara guda ya ishe shi. Har ma ku sani kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. Mai son ƙwan ci kaɗai, ba lalle ne ya ajiye zakara ba.

To, yaya za a yi da sauran? Da zarar sun fara gwada cara, a raba su da mata. A yi musu nasu wurin da kara ko zana, inda ba sa ganin kaji, gama samarin da suka tashi tare sukan zauna da ɗan dama in babu macen da za su yi kishi a kanta. A sa musu kaskon abinci biyu da na ruwa biyu nesa da juna, don kada mai ƙarfi ya tsare guda ya hana na ƙasa. A ba su dusa da tsakin masara da gara, a zuba musu toka a gefe su yi birgima saboda ƙuma. Bayan 'yan makonni sun yi nama, sai kasuwa, ko a ajiye don baƙo, ko suna, ko Salla, lokacin da zakara yake tsada. Yaro yakan ji zafin rabuwa da tsakon da ya raina da hannunsa, amma Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Kuɗin zakaru uku ko huɗu kuwa, in an tara an haɗa da na wata ƙyanƙyasar, shi ne mafarin sayen akuya.

Wajen zaɓen wanda za a bari, kada a ruɗu da kyawun gashi. A duba mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu, mai ido garau, wanda ya riga 'yan'uwansa girma. A duba halinsa kuma. Zakaran da yake tasam ma yara ƙanana, wannan na tukunya ne kome kyansa, domin tsayin fuskar mai rarrafe daidai yake da bakinsa. In kuwa tsohon zakaran gida yana da sauran ƙarfi, yana kula da kajinsa, babu dalilin sauke shi don saurayi.

Akwai wani abu guda da sabon mai kiwo yakan manta. Saurayin da aka ƙyanƙyashe a gida, kajin gidan uwarsa ce da 'yan'uwansa. In aka yi ta barin irin gida yana hawan irin gida shekara da shekaru, 'yan tsaki sukan zo raunana, ƙwai da yawa ya ƙi fashewa. Maganin wannan shi ne bayan shekara ɗaya ko biyu a yi musaya da wani mai kiwo na wata unguwa, ko a sayo sabon zakara.

Sai dai baƙon zakara shi ma da nasa haɗarin. Akwai wata annoba ta kaji da ake kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta wajen 1926. Takan sa kaji zawo da numfashi da ƙyar, wuyan waɗansu ya murɗe, ta share akurki cikin 'yan kwanaki. A ƙasarmu ta fi tashi da hunturu, kuma sau da yawa daga kasuwa ake sayo ta. Saboda haka zakaran da aka kawo daga waje a tsare shi shi kaɗai mako biyu, a ga lafiyarsa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin wannan cuta, har da irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido. A tambayi malamin dabbobi tun kaka, kafin sanyi ya sauko.

In mako biyun sun cika, kada a sake shi tsakar gida da rana tsaka, gama kowa zai taso masa. A kife shi da kwando mai huda a inda kaji suke kiwo, kwana biyu ko uku, suna ganinsa yana ganinsu. Daga nan a fitar da tsohon zakara, a jira dare ya yi, kaji sun kwanta, a ɗauki sabon a hankali a sa shi cikin akurki. Da asuba a buɗe musu tare, a watsa tsaba wuri biyu ko uku, mai kiwo ya tsaya kusa ya ga yadda za su karɓe shi.