Zaƙami da ire-irensa: yadda suke juya ƙwaƙwalwa har mutum ya manta kansa

Jama'a masu saurarenmu na Birnin Lalle da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Agadas ko Libiya, yau za mu tattauna kan wani nau'in kayan maye da ya sha bamban da tramol. Su waɗannan suna sa mutum ya ga abin da babu, ya ji muryar da ba kowa, wani lokaci ma ya rasa sanin ko shi wane ne.

To ta yaya hakan ke faruwa? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan dubu 86, masu aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. Akwai wasu sassanta da ke haɗuwa su yi aiki tare idan mutum ya zauna shiru yana tunanin kansa: sunansa, asalinsa, abin da ya yi jiya, bashin da zai biya bayan kaka. Ku ɗauke su kamar fadar maigari, inda labarin kowace unguwa ke taruwa a daidaita shi. Wannan fadar ce ke riƙe wa mutum abin da yake kira “ni”.

A ƙasashen Turai an fi yin bincike kan LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a Suwizalan a 1938, ya gano ƙarfinsa a 1943, da kuma silosibin da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi. Dukansu suna zama ne a gurbin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin. A 2012 da 2016 masu bincike na Imperial College da ke Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ba su waɗannan abubuwa. Sai suka ga fadar nan ta watse, sassan da ba su saba magana da juna ba sun shiga surutu. Shi ya sa mai sha kan ce iyakar da ke tsakaninsa da duniya ta narke. Wani ya ji natsuwa, wani ya shiga firgici mai tsanani, kuma ga wanda akwai taɓin hankali a danginsa, abin kan iya tayar da ciwon. Tun Yulin 2023 Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su gwada silosibin ga masu matsananciyar damuwa, amma a asibiti, likita na tsaye.

Mu nan namu shi ne zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Kun san shi ai: yana fitowa a juji da kangaye da damina, furensa kamar kakaki, ƴaƴansa masu ƙaya. Hanyarsa daban ce, kuma ta fi haɗari. Yana ɗauke da atropin da sikopolamin, waɗanda ke toshe wani sinadarin mai suna asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen natsuwa da riƙe abu. Mai LSD galibi ya san ƙwaya ce ke nuna masa abubuwa. Mai zaƙami kuwa bai sani ba. Zai yi hira da wanda ya daɗe da rasuwa, ya riƙa tsintar abin da babu a ƙasa, ya kasa gane mahaifiyarsa, ya nufi rijiya ko wuta bai san inda yake ba. In ya farfaɗo, sau da yawa ba ya tuna komai.

Jiki ma ba ya tsira. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta riƙa bugu da sauri, fitsari ya tsaya, zufa ta ɗauke. A zafin bazara irin na Dakoro, inda ake haura digiri 40, jikin da ba ya zufa yana iya ɗaukar zafin da zai kashe. Kuma fa ba shi da awo: ƙarfin wannan tsiro ba ɗaya yake da na wancan ba, don haka abin da wani ya sha ya tashi, shi zai kwantar da abokinsa.

Saboda haka, iyaye, in kun ga yaro da waɗannan alamu, kada ku yanke cewa iskoki ne ku ɓata lokaci. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi a rana, kada a ɗura masa nono ko mai don ya yi amai, zai iya shaƙewa. A sa shi a inuwa, a riƙa shafa masa ruwa, a yi masa magana a hankali ana kiran sunansa, a garzaya da shi likita mafi kusa ko asibitin Dakoro. In an ga ragowar abin da ya sha, a tafi da shi a nuna wa ma'aikatan lafiya.

Mu tuge zaƙamin da ke bayan gidajenmu, saboda ƙananan yara kan ɗauki ƴaƴansa abin wasa. Samari kuma, kada wanda ya zuba wa abokinsa a shayi ko zoɓo da sunan raha. Allah ya kiyaye mana ƴaƴanmu.