Sassaucin Harajin Wuraren Kasuwanci a Ingila a Lokacin Korona da Bayanta

A Ingila, harajin da ake ɗora wa shago ko otal ko gidan abinci ba mai ginin ke biyansa ba, wanda ke gudanar da sana'a a cikinsa ne. Ana lissafa shi bisa ƙiyasin kuɗin hayar wurin na shekara, ƙananan hukumomi kuma su karɓa. Saboda haka harajin bai san riba ko faɗuwa ba: ko an yi ciniki ko ba a yi ba, yana nan a wuyan ɗan kasuwa.

Wannan ne ya sa a watan Maris na 2020, da annobar korona ta tilasta rufe wuraren sana'a, ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya yafe harajin ɗungurungum na tsawon shekara guda ga kantuna da wuraren saukar baƙi da na shaƙatawa. Gwamnatin tsakiya ta ɗauki nauyin cike giɓin da ƙananan hukumomi za su samu. An tsawaita yafiyar zuwa ƙarshen Yunin 2021, sannan aka mayar da ita ragin kashi 66 cikin ɗari. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 ragin ya koma kashi 50, aka kuma ƙayyade cewa kada abin da kamfani ɗaya zai amfana da shi ya wuce fam 110,000.

Ƙarfin tsarin shi ne saurinsa. Kowane wuri yana cikin rajista tun da farko, don haka ba sai an tsaya tantance asarar kowa ba. Sai dai a nan ne rauninsa yake, domin an duba irin sana'a ne, ba halin da mai ita ya shiga ba. Manyan kantunan kayan masarufi, waɗanda ba a rufe ba ko kwana ɗaya, cinikinsu ma ya ƙaru, sun shiga cikin masu cin gajiya. Da suka ya yi yawa, kamfanin Tesco ya sanar a watan Disamba na 2020 cewa zai mayar da fam miliyan 585, wasu daga cikin takwarorinsa suka bi sahu. Su kuwa dillalan da ke kai wa otal-otal kaya, waɗanda kasuwarsu ta durƙushe tare da ta abokan hulɗarsu, ba su shiga ba, sai a 2021 aka ware wa ire-irensu asusun fam biliyan 1.5.

Akwai wata matsalar da ba ta bayyana sai a hankali. Idan sassauci ya daɗe har aka saba da shi, mai gini yakan lura cewa ɗan hayarsa na da rarar kuɗi, ya ƙara haya ranar sabunta yarjejeniya. Ragin da aka yi domin mai shago sai wani ɓangarensa ya zarce aljihun mai gini. Kuma daga 2020 an riƙa sabunta ragin shekara bayan shekara, har ya kai kashi 75 kafin a sauke shi zuwa 40 a watan Afrilun 2025.