Ruwan Tiga da Mudun da Ake Auna Shugaba

Duk wanda ya kama hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da ya wuce Kura zai ga abin da bai yi kama da lokacin ba. Ƙasa ta bushe ko'ina, iska sai ƙura take kwasowa, amma gonaki kore shar hagu da dama: tumatir, albasa, alkama, masara. A Kwanar Gafan manyan motoci na jere ana loda musu kwandunan tumatir zuwa kudu. Ruwan da ke raya waɗannan gonaki daga madatsar Tiga yake gangarowa, kuma in aka tambayi dattijon manomi a Kadawa, ko Bunkure, ko Garun Malam wa ya kawo shi, suna ɗaya zai ambata: Audu Baƙo.

Mutumin ya bar mulki tun 1975, ya rasu a 1980. Yawancin masu ban-ruwa a Kadawa yau ba su taɓa ganinsa ba. Duk da haka, da wuya a yi taƙaddamar gwamnoni a majalisar mai shayi a Kano a tashi ba a kawo shi misali ba. Shi ya sa labarinsa ya dace da mai son sanin yadda ake auna shugaba, domin a kan mutum ɗaya ɗin nan ma'aunai daban-daban sun ba da amsoshin da ba su jitu ba.

Audu Baƙo ɗan sanda ne, a barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi a 1924. Da Janar Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai ya damƙa masa sabuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Ƙasa na bakin yaƙin basasa, jiha kuma ba ta da ko isassun ofisoshi. Shekara takwas ya yi. Ya bar sakatariyar da har yanzu ake kira da sunansa, da gidan zu, da otal ɗin Bagauda, da hukumar WRECA mai aikin ruwa da gine-gine, wadda ta horar da injiniyoyi 'yan gida. Uwa uba, madatsun ruwa. An fara aikin Tiga a farkon shekarun 1970 aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya gasa yankin Sahel, dabbobi suka yi ta mutuwa, mutane suka yi ta ƙaura. Lokacin da aka gama shi, tafkin na iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu.

Abin lura a nan ba girman ginin ba ne. Gwamna kowane iri na iya ba da kwangila, a yanke kyalle, a buga ganga. Abin da ya bambanta Tiga shi ne, bayan shekara hamsin da gwamnatoci barkatai, na soja da na farar hula, har yanzu tana ciyar da mutanen da ba su san komai game da siyasar zamanin da aka gina ta ba. Audu Baƙo kuma ya dubi ainihin ciwon jiharsa, wato jama'a da yawa da damina gajera, ya zuba kuɗi a nan. Takwarorinsa sun samu kuɗin mai kamar yadda ya samu, musamman bayan tashin farashin 1973, amma kaɗan ne a cikinsu ake tunawa da wani aiki nasu haka. Ba dukkan ayyukansa ne suka yi ƙarko ba: madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988, ta yi ɓarna mai yawa.

Masu yabo sukan tsaya a nan. Tarihi bai tsaya ba.

Da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a watan Yulin 1975, ya sauke gwamnonin Gowon gaba ɗaya, aka kafa kwamitin binciken dukiyarsu. Goma daga cikin 12 aka samu da laifi. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma kaɗai aka wanke. Babu sunan gwamnan Kano cikin waɗanda suka tsira. Ana iya muhawara kan gaggawar da aka yi a tankaɗe da rairayar wancan lokaci, amma mai auna shugaba da gaskiya ba zai ɗauki Tiga ya ɓoye wannan ba.

Kano ɗin dai ita ce ta ba da kishiyar misalin. Malam Aminu Kano bai taɓa zama gwamna ba, babu madatsa ko gadar da za a nuna a ce tasa ce. Ya riƙe kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, na sadarwa sannan na lafiya, ya sauka ya koma ƙaramin gidansa na Gwammaja, inda ya rasu a 1983. Gidan nan, Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Abin da ya bari shi ne talaka da ya koyi cewa a'a a gaban dagaci da hakimi, tun daga kafa NEPU a 1950 har zuwa lokacin da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Kanawa na girmama mutanen biyu, amma ba da mudu ɗaya suke auna su ba, kuma ba kasafai suke lura da hakan ba. 'Yan siyasar yau kuwa sun lura sarai: wanda ya yi gada sai ya ce a dubi aiki, wanda bai yi ba sai ya sa jar hula ya ce a dubi aƙida.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin ta bakinsu ba a wannan muhawara, wato mutanen ƙasan kogi.

Ruwan da aka tare a Tiga ba ɓataccen ruwa ba ne. Kafin madatsar, yakan bi kogin Kano ya haɗu da Chalawa, ya zama kogin Haɗeja, ya malale kowace damina a faffaɗar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Da wannan ambaliya ake noman shinkafa, in ruwa ya janye a shuka wake da alkama a kan laima, masunta su kama kifi, Fulani su sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika. Abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe, ya shayar da gonakin tattasai na Diffa a Nijar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Bayan Tiga, sannan madatsar Chalawa da aka kammala a 1992, ga kuma shekarun fari, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Yadda ake sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa ta toshe su. Wani gari ya nutse, wani ya bushe, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya suna far wa gero da shinkafa. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi suka gano cewa amfanin da ake samu daga ruwan in an bar shi ya malala a fadama ya fi wanda ake samu daga adadin ruwan nan a gonakin ban-ruwa na Kano, nesa ba kusa ba. Sannan ga dubban mutanen da aka tasa daga garuruwansu domin tafkin ya samu wuri.

Zalunci ne a ɗora wa Audu Baƙo duk wannan. A zamaninsa duniya ta yarda cewa babbar madatsa ita ce ci gaba, kuma tun 1976 kula da ruwan ya koma hannun hukumar tarayya ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Amma dole a tambaya: wa aka tuntuɓa kafin a tare kogi? Gwamnan soja ba shi da majalisa, babu zaɓen da yake tsoro. Saurin da ya sa aikin ya kammalu cikin 'yan shekaru, shi ne kuma ya sa masuncin Nguru, wanda ma a wata jihar yake, bai samu inda zai kai kuka ba. Masu kewar mulkin soja saboda "aiki ba surutu" sukan manta cewa wani ɓangare na surutun nan muryar wanda aikin zai cutar ce.

Sai a 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka zauna a Damaturu suka amince da tsarin kula da ruwan tare, suka kafa asusun haɗin gwiwa. Shekara 32 ke nan bayan an rufe bakin Tiga. Har yau kuma, duk sanda madatsar ta cika a watan Agusta, mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja kunnensu na kan rediyo, suna jiran jin ko za a saki ruwa.