Daga Funtua zuwa Madina: awa biyar a sama, amma hukuncin matafiyi na nan daram

Tsakanin filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da birnin Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,500 idan aka miƙe sak, zuwa Madina kuwa kimanin 3,600. Jirgin alhazai kan cinye wannan nisa cikin awa huɗu zuwa biyar, sai dai in hanya ta toshe, kamar yadda yaƙin Sudan ya tilasta wa jirage yin zagaye a 2023.

Kakanninmu kuwa da ƙafa suka auna ta. Sukan bi ta Borno, Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, su share shekaru a hanya. Da dama sun yada zango a Jazira ta Sudan suna tsinkar auduga don tara guzuri, aikin da ba baƙo ba ne ga mutumin Funtua. Wasu ma can suka zauna har abada.

Wannan sauƙi na yau ne ke sa wasu maniyyata zaton cewa wanda bai ji jiki ba, ba matafiyi ba ne. Alhali a mazhabar Malikiyya nisa ake dubawa, ba gajiya ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta ƙayyade tafiyar ƙasaru da baridi huɗu, wato mil 48, abin da ya ɗara kilomita 80. Ke nan maniyyacin da ya bar Funtua ya bi ta Malumfashi zuwa Katsina, tafiyar kusan kilomita 200, zai fara ƙasaru ne da zarar ya wuce gidajen garinsu, tun bai ga jirgi ba. Idan ya isa Madina da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sai ya koma cika salla.

Abu na biyu shi ne lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma mai fuskantar gabas rana kan yi masa saurin faɗuwa. Don haka ba agogon da aka saita a Funtua za a bi ba, lokacin wurin da jirgi yake shi ne abin lura.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne miƙati. Wanda aka sauke a Madina ba shi da damuwa, zai ɗauki harami a Zul Hulaifa ranar da zai nufi Makka. Amma wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, mafi yawan malamai na ganin wajibi ne ya yi niyya tun a sama idan jirgi ya daidaita da miƙati. Jirgin da ke gudun kilomita ɗari takwas a awa kuwa, cikin ƙiftawar ido zai wuce wurin. Wanda ya ƙetare babu harami, bai kuma koma ba, yanka ya hau kansa.

Manomin da ya sayar da masara da waken suya na shekaru ya biya kujera, bai kamata ya tafka wannan asara ba. Ya tambayi jami'an alhazai a wurin bita inda jirginsu zai sauka. In Jidda ce, ya yi wanka tun a sansani, ya riƙe haraminsa a jakar hannu, kada ya sa shi cikin babban akwati.

Allah Ya sa a yi karɓaɓɓiya, amin.