Me Ya Sa Zuciyata Take Tashe Ni Da Dare?

Yau za mu yi magana a kan wani abin da yake faruwa a gidajenmu da yawa, amma ba a cika faɗarsa da rana ba.

Mutum ya kwanta lafiya. Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare sai ya farka firgigit, zuciyarsa tana dukan ƙirji kamar ana daka a turmi. Wani lokaci da zufa, wani lokaci da rawar jiki. Kowa a gida yana barci, shi kaɗai ne idonsa biyu. Kafin gari ya waye ya riga ya yi tunani iri iri: ko mutuwa ce ta zo, ko kuwa wani ne yake binsa da dare. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan wannan ya taɓa samunka, matso kusa mu duba abin tare.

Zuciyar babban mutum, sa'ad da yake hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Cikin barci takan sauko ƙasa da haka, har zuwa 50 ko ƙasa kaɗan. Akwai wani ɗan wuri a saman zuciya ta gefen dama wanda yake ba da umarnin kowane bugu. Amma shi ma yana karɓar saƙo daga sauran jiki. Idan jiki ya ji haɗari, ko iska ta kasa masa, ko sukari ya ragu a jini, sai wasu ƙululu biyu da suke kan ƙoda su saki wani sinadari da ake kira adiranalin, zuciya kuwa ta kama gudu. Watau sau da yawa zuciya 'yar aike ce kawai. In ka gan ta tana gudu, sai ka tambayi wanda ya aike ta.

Bari mu fara da wanda ya fi tsorata mutane, ko da yake shi ne ya fi sauƙi. Barci yana da matakai, kuma akwai matakin da aka fi yin mafarki a cikinsa, musamman can wajen asuba. A wannan mataki ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki, domin kada mai mafarkin gudu ya tashi ya yi gudun da gaske. Wani lokaci hankali yakan farka kafin a kwance jikin. Ga ka ido buɗe, kana ganin ɗaki, amma ba ka iya ɗaga hannu, ba ka iya kiran kowa, kana jin kamar an ɗora maka dutse a ƙirji, har kana ganin kamar wani yana tsaye a bakin ƙofa. Hausawa suna kiran wannan dannau, kuma na tabbata a yarenku ma akwai sunansa. Yana faruwa ga mutane a kowace ƙasa ta duniya. Yakan wuce cikin 'yan daƙiƙu ko minti ɗaya zuwa biyu, ba ya kisa. Ya fi kama wanda bai sami isasshen barci ba, da mai kwanciya rigingine.

Na tsaya a kan wannan domin an ɓata zumunci da yawa saboda shi. An kira tsohuwa mayya, an daina gaisawa da kishiyar uwa, an raba gida, alhali kuwa abin da ya faru shi ne ɗan makaranta ya kwana uku yana karatun jarrabawa bai runtsa ba. Ka yi addu'a, wannan daidai ne. Amma kada ka ɗora wa maƙwabcinka laifin abin da ya fito daga jikinka.

Damuwa ma tana tashe mutum. Bashi, kuɗin makaranta, rashin lafiyar yaro, duk abin da ka danne da rana yakan taso da dare. Akwai kuma wata irin faɗuwar gaba mai tsanani da take zuwa ba mafarki, ba dalili: mutum ya farka yana haki, hannuwansa suna rawa, ya tabbata mutuwa zai yi, bayan minti goma ko ashirin abin ya lafa. Waɗanda suka taɓa gudu daga gidajensu da tsakar dare saboda hari sun san wannan sosai. Shekaru sun wuce, amma in kare ya yi haushi ko kwano ya faɗi, jikinsu yakan tashi kamar daren nan ne. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuma hauka ba ne. Rauni ne, kuma yana da magani. Likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara suna taimakon irin waɗannan mutane, kuma faɗa wa wanda ka amince da shi mataki ne na farko.

Yanzu sai mu leƙa abin da muke sa wa bakinmu. Goro, da kofi, da shayi mai kauri, da lemunan gwangwani masu ƙara kuzari waɗanda matasa da direbobi suke sha, duk suna da kafeyin. Jiki yakan ɗauki kamar awa biyar kafin ya rage rabinsa. Saboda haka goron da baba ya ci da ƙarfe shida na yamma, rabin ƙarfinsa yana nan a jikinsa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Taba ma tana tsokanar zuciya, ko ta sha ce ko ta shaƙa. Giya kuwa tana da wayo. Burukutu ko ogogoro yakan sa mutum barci da wuri, sa'an nan in ƙarfinsa ya fara sauka da tsakar dare, sai jiki ya zabura, mutum ya farka da ƙishi da zufa da bugun zuciya. Shan da ya yi yawa yana iya rikita tsarin bugun gaba ɗaya, har ga wanda zuciyarsa lafiya take.

Magunguna fa? Salbutamol na masu asma, wanda aka fi sani da Ventolin, yana sa zuciya sauri da rawar hannu. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da wasu magungunan ciwon kai da aka haɗa da kafeyin, da ƙwayoyin da ake sha domin a yi ƙiba. Idan abin ya soma ne bayan ka fara wani sabon magani, kai kwalinsa wurin ma'aikacin lafiya ya duba. Kada mai asma ya jefar da maganinsa da kansa.

Mai ciwon sukari, ina so ka kasa kunne a nan. Idan kana yin allurar insulin, ko kana shan ƙwaya irin su Daonil, sai ka kwanta ba ka ci abincin kirki ba, sukarinka yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'auni cikin dare. Za ka farka da zufa sharkaf, da yunwa, da rawar jiki, zuciya tana gudu. Nan da nan a dama maka sukari ƙaramin cokali uku ko huɗu a ruwa ka sha, sa'an nan ka ci abinci. Idan mutumin ya riga ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kai shi asibiti. Wanda yake so ya yi azumi alhali yana kan waɗannan magunguna, bari ya fara zuwa wurin likita a gyara masa yawan maganin.

Zazzaɓi ma yana ƙara bugun zuciya, kamar bugu goma a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana son dare. Ƙarancin jini shi ma haka: in jini ya yi kaɗan, dole zuciya ta riƙa zagayawa da shi da sauri domin ya isa ko'ina. Duba cikin fatar ido da tafin hannu, ko sun yi fari. Mata masu ciki, da masu zubar jini da yawa lokacin al'ada, da masu sikila, da yara masu tsutsar ciki, su ne aka fi samu da shi. Mace mai shekara 45 zuwa 55 da al'adarta take shirin ɗaukewa takan farka da zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zuciya tana bugawa. Akwai kuma ƙululun da yake gaban wuya, inda maƙoƙo yake fitowa. In ya yi aiki fiye da kima, mutum yakan ci abinci sosai amma yana ramewa, yana jin zafi lokacin da kowa yake jin sanyi, hannunsa yana rawa. Gwajin jini ne yake nuna wannan.

Ga wani dalili da muke yi wa dariya a gida: minshari. Ba kowane mai minshari ne yake da ciwo ba. Amma akwai wanda in ya yi barci naman maƙogwaronsa yakan saki ya toshe hanyar iska. Minsharin sai ya yanke ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, har daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar da take cikin jini ta ragu, jiki ya tsorata, ya saki adiranalin, mutumin ya zabura da gurnani, zuciya tana gudu. Ga wanda abin ya yi wa tsanani, wannan yana faruwa fiye da sau 30 a awa ɗaya, shi kuwa bai sani ba. Abin da ya sani kawai, yana tashi da ciwon kai, yana gyangyaɗi a wurin aiki, a majami'a, har a kan sitiyari. Ya fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, kuma yana jawo hawan jini wanda ba ya jin magani. A 1981 wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da na'urar da take hura iska ta hanci domin hanyar ta zauna a buɗe. Tana aiki ƙwarai, sai dai tana da tsada kuma tana bukatar wutar lantarki. Rage ƙiba, da barin giya, da kwanciya ta gefe, suna taimakawa sosai, ba su kuma cin ko kwabo.

Wani lokaci kuwa zuciyar ce da kanta take da ciwo. Idan ta raunana, yawanci saboda hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba, ruwa yakan taru a ƙafafu da rana. In mutum ya kwanta, ruwan sai ya komo ƙirji ya cika huhu. Bayan awa ɗaya ko biyu da barci sai ya farka yana neman iska, ya zauna a bakin gado, ko ya buɗe taga. Filo ɗaya ba ya isarsa, sai biyu ko uku. Wannan ba na jira ba ne.

Iyayenmu mata, ga naku. Akwai irin wannan raunin zuciya da yake kama mace a watan ƙarshe na ciki, ko cikin watanni biyar bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun ga mata da yawa da shi, suka kuma yi zargin wankan jego da ruwa mai zafin gaske, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa, gama kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri. Ciwon yana kama waɗanda ba su yi waɗannan al'adu ba su ma. Saboda haka mai jegon da take haki, tana tari da dare, ƙafafunta sun kumbura, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti ranar nan.

Akwai kuma rikicewar bugun kansa. Bugu ɗaya da ya yi kamar ya tsallake, wanda aka fi ji in an kwanta ta gefen hagu cikin shiru, yawanci ba kome ba ne. Amma in zuciya ta kama gudu farat ɗaya har 150 ko fiye, ko tana bugawa ba tsari kamar makaɗin da ya rikice, a je a auna. Wannan mai rashin tsarin ya fi yawa ga tsofaffi, yana sa jini ya daskare a cikin zuciya, yana kuma ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kamar sau biyar.

Kada in manta da hayaƙi. Lokacin hunturu, a wurare masu sanyi kamar Jos da Mambila, akan shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Wasu kuma suna ajiye janareta a baranda ko a lungun gida don tsoron ɓarayi. Dukansu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka farka da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da bugun ƙirji, a buɗe ƙofa, kowa ya fita waje, a nufi asibiti. An rasa iyalai ɗungum ta wannan hanya.

To, in ka farka zuciya tana gudu, me za ka yi? Zauna. Sa yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti ɗaya da agogon waya. Lura ko yana da tsari. Ja numfashi a hankali, ka fitar a hankali. Idan akwai ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko ka suma, ko hannu ko baki ya karkace, ko bugun ya ƙi sauka bayan kamar minti ashirin, tashi mutanen gida a tafi asibiti a daren. In ya wuce amma yana dawowa, rubuta ranar, da lokacin, da adadin bugun, da abin da ka ci ko ka sha da yamma. Kai wannan takarda asibiti tare da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Za a auna hawan jini, da yawan jini, da sukari, a duba zazzaɓin cizon sauro, a kuma yi awon zuciya na ECG. A manyan asibitoci akwai wata ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa mutum ya kwana da ita, ta rubuta bugunsa na awa 24. Idan kai mai minshari ne, tafi da matarka, gama ita ce za ta iya gaya wa likita abin da kake yi sa'ad da kake barci.